Gidan Da Ke Share Kansa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na fito a guje daga gidan da na saya da gumina, ina salati, takalmi ƙafa ɗaya, dattawan unguwa suna zaune a dakali suna kallona. Yanzu furfura ta cinye kaina, amma in na wuce dakalin nan na unguwarmu, Ƙofar 'Yandaka, har yau sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Zamanin kuɗin mai ne. An yi mana ƙarin albashi, aka biya ariyas, wato ƙarin watannin baya, a dunƙule, kowane akawu a ofishinmu ya koma tafiya yana buɗa hannuwa. Wani ya sayi babur, wani rediyo mai kaset, wani firiji (a gidan da ko wayar lantarki ba a ja ba). Ni na ce gida zan saya. Na sayar da gonar da na gada a Batagarawa, na haɗa da ariyas ɗin, ban bar komai ba. Matata Hajara tana da tsohon ciki, na yi mata rantsuwa a gidanmu za a yi suna. Har mai gidan da muke haya a Ƙofar Kaura na ce wa ya nemi wani.

Dillali ya samo mini wani tsohon gidan ƙasa mai zaure biyu. Na wani malami ne da bai daɗe da rasuwa ba, 'ya'yansa suna aiki a Kano da Legas, suna sauri su sayar su koma. Da na gaya wa Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, sai ya ce, "Ka tahi ka gaida mai unguwa, ka gaida maƙwabta, ka ji mi ke cikin gidan ga. In kuma lauya ka ke so, akwai wani dattijo kusa da kotu, shi da ƙafarshi ya ke shiga gida, ya zauna zaure ya ƙirga magada."

Na je na leƙa ofishin dattijon. Tabarma, buta, keke a jingine. Ko zama ban yi ba. Ni da nake da ariyas?

Lauyan da na zaɓa daga Kaduna yake zuwa lokaci-lokaci, a doguwar mota. Ofishinsa akwai na'urar sanyi, ga hular gashin nan ta lauyoyi a rataye a bayansa. Wallahi hular na bi. Ya yi mini Turanci mai daɗi, na gane rabi na gyaɗa kai ga sauran. Ya kira 'ya'yan mamacin, suka ce su ne magada, suka sa hannu, ya buga hatimi ja. Na ce ko zai je ya ga gidan? Ya yi dariya ya ce shi takarda yake saye da sayarwa, ba katanga ba. Ni ma na yi dariya, don in nuna na waye.

Na sayi sabon kwaɗo na garƙame ƙofar zaure. Kullum in na tashi daga aiki sai in biya in auna inda za a shafe da siminti. Ina wuce dattawan unguwa da ɗaga hannu kawai, kamar gwamna.

Ranar farko ban lura da komai ba. Rana ta biyu na tarar da tsakar gida a share tas, ga sawun tsintsiya a jere a kan ƙasa. Akwai bishiyar darbejiya a gidan, ganye yana zuba, amma ko ɗaya babu a ƙasa. Na koma na duba kwaɗona, lafiyarsa lau. Na ce wata iska ce. (Iskar da ke tara shara a lungu ta kife kwando a kai.)

Washegari na taɓa randar da ke gindin bishiyar, wadda na bari a bushe, na ji ta da sanyi. Na buɗe, cike take da ruwa, ga moɗa a kife a kan faifai. Gidan shiru, irin shirun da kake jin bugun zuciyarka, amma jikina yana ba ni ana kallona. A can ƙuryar gida akwai wata 'yar ƙofa ta katako, gajera, wadda dillali ya ce ɗakin tarkace ne. Na tura, an sa mata sakata ta ciki. Na yi sallama, shiru. Da na juya zan tafi sai na ji tari, guda ɗaya, a hankali, kamar daga cikin bango.

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Ga shi ba ni da gona, ba ni da ariyas, ga Hajara tana ta ƙulla kaya cikin murna. Ban gaya mata ba. Ban gaya wa Kawu ba, don na san abin da zai ce. Maƙwabta kuwa da wane ido zan tambaye su? Sai na ɗauko wani malami daga unguwarmu, wanda ake cewa aljanu suna jin sunansa su tattara.

Bayan la'asar muka shiga. Malam ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa wasu saiwoyi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Ya fuskanci 'yar ƙofar yana karatu da ƙarfi, ni ina bayansa ina amin. Sai muka ji ƙarar sakata.

Ƙofar ta buɗe a hankali. Cikin hayaƙin wata tsohuwa ta fito a duƙe, siririya, lulluɓe da farin zane, idonta babu kwalli, a hannunta 'yar wuƙa tsirara. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dube mu.

Malam ne ya fara arcewa. Ban taɓa ganin mai shekarunsa ya tsallake kasko haka ba. Na bi bayansa ina ihu, "Innalillahi! Ta fito! Jama'a ta fito!" Muka yi karo a zaure, muka faɗo waje a gaban dakali, hulata a ƙasa, babbar rigar Malam a wuyana.

Dattawa suka zuba mana ido. Can daga cikin zaure, ba tare da ta tako waje ba, wata 'yar murya ta ce, "Wa ke da takalmin ga? Kuma wa ya ce a turnuƙe ni da hayaƙi, ina hwama da tari?"

Wani dattijo ya miƙe (ashe shi ne mai unguwar da nake ɗaga wa hannu) ya ce, "Gwaggo Indo, yi haƙuri, baƙi ne." Sannan ya dube ni. "Malam, halan kai ne mai gidan? To ga matar marigayi, takaba ta ke. Kunnenta ya yi nauyi, kuma ko ta ji, mai takaba ba ta hitowa gun baƙon namiji. Wuƙar kuwa, kowace tsohuwa mai takaba a garin ga tana riƙe da ita." Akwai ƙofa ta bayan ɗakinta zuwa gidan maƙwabta, ta nan mata ke kai mata abinci da ruwa. Ba ta haihu da marigayin ba, shi ya sa 'ya'yan suka manta da ita, ko suka ga damar mantawa.

"Da ka zauna ka gaishe mu," in ji shi, "da tun ranar hwarko ka ji. Tana da tumuninta na gado cikin gidan ga. In ta ce ba ta yarda ba, sai gaban alƙali."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Na garzaya wurin lauyana. Ya buɗe fayil, ya bi da yatsa, ya ce babu wata tsohuwa a ciki. Na ce ai a cikin gidan take, ba a fayil ba. Ya ce to wannan sabuwar shari'a ce. Na fito na bar shi da hularsa.

Dole na gaya wa Kawu Sule, shi ya raka ni wurin Gwaggo Indo, da goro, tare da mai unguwa. Na durƙusa a zaure, ita tana bayan asabari. Gidan, gonar ubana, rantsuwar da na yi wa Hajara, duk suna bakin matar da na sa aka yi wa hayaƙin aljanu. Na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta yarda da cinikin.

"Ba wanda ya tambaye ni," ta ce. "Kai ne na hwarko, kai ma sai da ka gudu. Ɗakin ga aka kawo ni amarya, daga nan za a ɗauke ni. Sauran gida ku zauna. An ce matarka ta kusa? To ta zo, ni zan yi mata wankan jego."

A gidan aka yi suna. Gwaggo Indo ta goyi 'ya'yanmu har suka yi wayo, kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Mai Takalmi. Daga ɗakin nan aka ɗauke ta, kamar yadda ta faɗa.

Yanzu duk wanda ya zo mini shawarar lauyan sayen gida, ce masa nake kada ya dubi motar, ya dubi takalmin. In babu ƙurar lungu a jiki, ya bar shi. Ɗakin Gwaggo kuwa har yau ban shafe shi da siminti ba. Wani lokaci da safe nakan ga ƙofarsa a share tas, Hajara ta ce ba ita ba ce. Ba na kiran malami. Sallama nake yi in wuce.