Shaidar da na rubuta wa 'yar fari

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, yau shekara biyu ke nan, da aka karanta rubutuna a ɗakin taron jami'a, ɗalibai suka yi ta dariya har da masu buga benci, ni kuwa ina zaune a babban teburi cikin babbar riga da ruwan gora a gabana. Shekaruna hamsin yanzu. Ina da digiri biyu, na kai mataimakin darakta a wata ma'aikata da ke kula da harkar noma a nan Bauchi, kuma har zuwa ranar ina ɗaukar kaina mutum mai sanin ya kamata.

Dole in fara da bayanin 'yata, in ba haka ba labarin ba zai fahimtu ba. Ita ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san abin da hakan ke nufi: kunya biyu ce ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ban taɓa kiran sunanta ba. A gida Ummi ake ce mata, ni ko Ummin ba na iya faɗa, sai "ke" in tana kusa, "yarinyar nan" in ba ta nan. Da aka yaye ta gidan iyayena aka kai ta, can ta girma, kuma da sunan kakanta aka sa ta makaranta, shi ne a takardunta har jami'a. Ba ta dawo hannunmu ba sai bayan rasuwar tsohuwa, tana aji huɗu na sakandare. (Na karanta littattafan tarbiyya ba ɗaya ba. Na ma taɓa zaunar da wani ƙanina na yi masa nasiha a kan ya riƙa jan 'ya'yansa a jiki. Ban ga inda maganar ta shafe ni ba.)

Noma ta karanta, ba da shawarata ba, ko da yake na ji daɗi na ɓoye. Bincikenta na ajin ƙarshe a kan ajiyar wake ne, yadda ƙwari ke cinye shi a rumbu da cikin buhu. Wata huɗu ina kai ta ƙauyen Zungur wurin manoma duk Asabar, in zauna a mota da jarida kamar direban da aka ɗauko. Amma ta madubi ina kallonta. Na ga yadda take durƙusawa ta gaida tsofaffi kafin ta fito da littafi. Na ga yadda take zura hannu har gwiwa cikin buhu ta ɗebo daga tsakiya, ba ta yarda da na sama. A kasuwar Muda Lawal wani dillalin hatsi, wanda ko mu ma'aikata ba ya sakar mana fuska, shi da kansa ya jawo mata benci. Wata rana wani dattijo a Zungur ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yarka ce? Kai, Allah ya ba ka." Na ce masa, "Ta gidanmu ce." Na koma kan jaridata.

Ana cikin haka wani kamfanin ajiyar hatsi a Kaduna ya sanar zai ɗauki masu gama jami'a horon wata shida kafin bautar ƙasa, wanda ya yi fice kuma a ajiye masa gurbin aiki. Ba takarda ake kai musu ba. Akwai wani shafin intanet da ma'aikata da masu neman aiki ke haɗuwa, kowa ya sa hotonsa da karatunsa da abin da ya iya, waɗanda suka san aikinsa kuma su rubuta masa shaida a ƙasa. Can kamfanin ya ce zai duba, kuma yana son shaidar wani da ke cikin harkar noma. Ummi ta yi mako biyu tana gina nata shafin. Ni ma ina da nawa, wani taron bita ne ya sa muka buɗe, hoton da ke kai ma na katin aikina ne.

Ba ita ta roƙe ni ba, uwarta ta tura. Wata safiya ina shan koko maiɗakina ta ce:

"Malam, wai ka rubuta wa yarinyar nan shaida a abin nan nasu."

"Ba ta da malamai ne?"

"Malaminta ya yi tafiya, kuma Juma'a ake rufewa. Kai ba ka ga aikinta ba? Ko man motarka kawai ka je ka ƙona a Zungur?"

"To, zan duba."

A makon ne kuma Malam Ɗanjuma, abokin aikina da muke ofis ɗaya, ya roƙe ni in rubuta wa ɗansa Nasiru, shi ma gurbin yake nema. Sau biyu na taɓa ganin Nasiru, ɗaya a wurin ɗaurin aure. Cikin minti ashirin na cika masa sakin layi uku: hazaƙa, juriya, amana, iya zama da jama'a, har da hangen nesa. Ɗan wani ne, yabonsa ba shi da nauyi a baki.

Da na zo kan nata sai hannuna ya tsaya. Na kusa awa ɗaya a gaban kwamfuta. Na rubuta cewa tana da hazaƙa, na goge. Na rubuta cewa manoma sun yarda da ita, na goge. Abin da nake hangowa shi ne abokan aikina suna karantawa suna haɗa ido: ga mutum ya fito bainar jama'a yana wasa 'yarsa ta fari kamar maroƙi. A ƙarshe ga abin da na rubuta, da Turanci mai tsabta wanda ko waƙafi ban kuskure ba:

"Na san wannan ɗaliba. Tana ƙoƙari daidai gwargwado, amma da sauranta. Tana bukatar a sa mata ido. Allah ya shirye ta."

Na aika, na tafi sallar azahar da nutsuwa. A gidanmu wannan yabo ne. Ranar da na kawo wa mahaifina sakamakon digirina na farko, duba takardar ya yi ya ce, "To, da sauranka," washegari ya sa aka yanka rago. Mu haka muka san ana yi, kuma na ɗauka duniya ma ta sani.

Bayan mako biyu, ana jiran kamfanin ya fitar da sunaye, tsangayar su Ummi ta shirya wa 'yan ajin ƙarshe taron shirin neman aiki, aka gayyace ni a matsayin tsohon ɗalibi kuma babban baƙo. Na yi jawabi na minti ashirin da biyar. Kan jawabin (Allah ya yafe mini) shi ne muhimmancin manya su riƙa ƙarfafa wa matasa gwiwa. Na ce kalma ɗaya mai daɗi daga bakin babba tana iya canza rayuwar yaro. An tafa mini sosai.

Bayana sai aka ba Madam Rifkatu, wata 'yar Bogoro da ke aikin tace masu neman aiki a Abuja. Mace ce mai kuzari da barkwanci, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ɗalibai sun riga sun aika mata shafukansu don ta gyara musu, tana haska su ɗaya bayan ɗaya a bango. A na huɗu sai ga hoton Ummi. Ba wanda ya dube ni, tunda sunan kakanta ne a kai.

"Ku dubi wannan," in ji Madam. "Hoto lafiya. Bincike lafiya, har da hotunan buhuna da rumbu. Wallahi da ni ce, zan kira ta. Amma mu sauka ƙasa."

Ta sauka. Ta riga ta rufe sunan mai shaidar da baƙin layi. Ta karanta da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa tana jan kowace kalma.

"Da sauranta! A sa mata ido! Allah ya shirye ta! Jama'a, me yarinyar nan ta sata?"

Ɗakin ya ɗauka. Wani daga baya ya ce, "Wake!" aka ƙara fashewa.

"Wannan shaida ce ko ƙara aka kai wa alƙali? Ku saurare ni, 'ya'yana. Mutumin da ke tace ku bai san ku ba, bai san gidanku ba. Ya ga an ce a sa miki ido, ya wuce na gaba, shi ke nan." Sai ta juyo wajen babban teburi, ta miƙo mini makirfo. "Ranka ya daɗe Darakta, kai ne babba a harkar. Tsakaninka da Allah, in aka kawo maka mai wannan shaidar, za ka ɗauke ta?"

Na sha tambayar kaina me ya kamata in ce. Amsoshi masu kyau sun zo mini da yawa, duk bayan kwana biyu. A lokacin gyaran murya na yi, na gyara hula, na ce:

"Gaskiya... da wuya."

"Kun ji ko!" Ta juya wajen ɗalibai. "Mai shafin tana nan? Tashi, 'yata. Ai shaida ba ta fitowa a shafi sai mai shi ya karanta ya amince. Me ya sa kika bar wannan?"

A nan na fara sanin haka. Na ɗauka da na aika shi ke nan, ya manne. Ashe ta karanta, aka ba ta zaɓi ta ɓoye ko ta nuna, ta nuna.

Ummi ta miƙe daga can gefen taga, ta riƙe bakin hijabinta.

"Madam, babana ne ya rubuta."

Aka sake dariya, amma gajeriya.

"Babanki? Ayya. To ki cire mana, ai ba zai sani ba. Irin iyayen nan ba sa duba waya."

"Ba zan iya cirewa ba, Madam."

"Don me?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, sai da na gaba suka ce wa na baya su yi shiru:

"Ban taɓa jin ya ce komai a kaina ba sai a nan. Kuma ya ce ya san ni."

Ko sau ɗaya ba ta dubi babban teburi ba. Ta rufa mini asiri a gaban abokan karatunta, ta zauna. Makirfon yana hannuna har lokacin, a kunne. Abin da ake bukata kalma biyu ce, in ce ni ne, sannan in faɗi abin da na gani a Zungur da idona. Sai na ajiye shi a hankali a kan teburi don kada ya yi ƙara. Shugaban tsangaya da ke gefena ya sunkuyo ya raɗa mini, "Wasu iyayen sai addu'a." Na ce, "Wallahi kuwa."

Da aka tashi na jira ta a mota. Ta zo ta shiga baya kamar yadda ta saba. Tun daga ƙofar jami'a nake haɗa magana a raina ina warwarewa, sai da muka zo shataletalen Wunti na samu abin faɗa.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Baba."

Iyakar hirar ke nan.

Washegari na riga masinja zuwa ofis. Na rubuta sabuwar shaida, ta kusa shafi guda. Na sa maganar buhu, na sa bencin Muda Lawal, na faɗi cewa a shekarun da na yi ina aiki da manoma ban ga ɗalibin da suka saki jiki da shi kamarta ba. Na buga sunanta cikakke a layin farko, na daɗe ina kallonsa kafin in ci gaba. Ta amince da ita a ranar, ta aiko uwarta ta ce a ce mini an gode.

Ranar Litinin kamfanin ya fitar da sunaye. Nasiru yana ciki, Malam Ɗanjuma ya shigo ofis ya rungume ni yana sa mini albarka. Sunan Ummi babu.

Ba ni da tabbacin cewa layukan nan huɗu ne suka hana ta. Wataƙila masu nema sun yi yawa, wataƙila ba su ma kai ga ƙasan shafin ba. Nakan gaya wa kaina haka, yakan kuma yi mini amfani na ɗan lokaci, sai in tuna an yi wa wani mataimakin darakta wannan tambayar a gaban jama'a kuma na ji amsar da ya bayar.

Ta yi bautar ƙasa ta dawo, yanzu tana koyar da noma a wata makarantar kuɗi a Inkil. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, gaisuwarta ba ta ragu ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan a ce ta yi fushi. A watan jiya ta nemi gurbin digiri na biyu, aka bukaci shaidar mutum biyu. Sai da ta gama aikawa na ji labari a bakin uwarta. Ban tambayi su wa suka rubuta mata ba.

Ban ce al'adarmu ce ta yi laifi ba. Iyayenmu da suka ji kunyar 'ya'yan fari shiru suka yi, shirun nan kuma bai taɓa fita daga zaure ba. Ni ne na ɗauko kunyarsu na haɗa ta da boko, na buga ta da Turanci, na duba waƙafi, na aika wa baƙi a Kaduna. Saboda haka ga nasihata ga 'yan'uwana iyaye masu digiri: in aka ce ka rubuta wa ɗanka na fari shaida, ka rubuta abin da idonka ya gani. In ka san ba za ka iya ba, ka ce kwamfutarka ta lalace.