Kangon da Majalisar Daji Ta Gina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya umarci bayinSa su yi tafiya a cikinta su dubi ƙarshen waɗanda suka gabace su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Ya Allah, Ka ba mu ido mai gani, ba mai kallo kawai ba.

A wani daji da ke bayan duwatsu akwai madatsar ruwa guda ɗaya tak, wadda kakannin dabbobi suka gina, kuma da ruwanta kowa ke kaiwa ƙarshen rani. Wata shekara sai ta tsage. Barewa, wadda ta haihu a ƙarshen damina, ita ta fara ganin tsagar, ta kai kuka majalisa.

Ta ce wa Ɓauna, shugaban majalisar, "Ranka ya daɗe, ɗana bai yi ƙwarin da zai kai kogi ba. A ba mu izini mu kwaɓa laka mu liƙe tun ruwan bai zube ba."

Ɓauna ya ce, "Uwar ɗa, gaggawa daga Shaiɗan take, laka kuwa aikin jahilai ce. Tsattsewa ta ba mu labari cewa a gaɓar Bahar Rum mutanen zamanin da sun jawo ruwa daga kan tsauni zuwa birane ta wata magudana bisa ginshiƙan dutse. Za mu aika tawaga ta koyo mana."

Aka zaɓi Kura saboda riƙon amana, Gwaggon Biri saboda natsuwa, Kunkuru kuma domin a yi sauri. Ba su dawo ba sai da ruwan ya koma rabi.

Kura ta fara bayani, wuyanta ya yi kauri. Ta ce, "Na binciki lamarin ruwa tun daga tushe. Nasu na gishiri ne, amma kifin da ke ciki, in an gasa shi da man zaitun aka matsa lemon tsami, sai wanda ya ɗanɗana. Na ci ɓaure, na ci cuku, na ci wani abu mai ƙafa takwas wanda har yau ban tabbata ya mutu ba. Duk dominku na sha wannan wahala."

Kunkuru ya ce, "Ni ban fito da kaina daga ƙwarya ba, don kada al'adun wasu su ɓata mini tarbiyya. Abin da zan shaida shi ne, ƙasar duhu gare ta, kuma warinta irin na gida ne." Aka yaba masa da kishin daji.

Sai Gwaggon Biri ya miƙe, ya gyara baƙin tabarau da ya tsinto a bakin teku. Ya ce, "Ya ku manya, magudanar nan mun gan ta. Babu ɗigon ruwa a cikinta, ta rushe tun shekaru aru-aru. Amma ku ji abin mamaki: baƙi daga ko'ina suna tururuwa, rana na dukansu, don kawai su tsaya gaban rusasshen gini su yi shiru. Na tambayi wata kyanwa da ke kwance a kan ginshiƙi, me ya hana ku gyarawa? Ta ce, in an gyara wa zai zo? A nan na gane cutarmu. Ba mu da tarihi ne domin duk abin da muka gada yana aiki. Tsagar nan ba masifa ba ce, farkon arziki ce."

Barewa ta ce, "Gafarta Malam, su mazauna can, kangon suke sha?"

Gwaggon Biri ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da aka aike mu."

Ɓauna ya yi gyaran murya ya ce, "Tafiya mabuɗin ilimi. Wanda bai taɓa wuce bakin daji ba, ya ja bakinsa."

Aka sa Giwa ta doki madatsar da goshi. Gwaggon Biri ya tsaya a kan aikin, ya hana a rushe duwatsu biyu, ya sa aka karkatar da su yadda ya gani a can. Kafin la'asar ruwan ya bi yashi. Barewa ta sa ɗanta a gaba suka nufi kogi. Ita kaɗai ta isa.

Kuma, don kada a ci haƙƙin tawaga, baƙin sun zo kamar yadda aka yi alkawari. Da rani ya tsananta sai ga su daga gabas da yamma, suna kewaya kangon ta sama cikin natsuwa, kawunansu da sanƙo kamar na masana. Ɓauna, wanda a lokacin ba ya iya tashi, ya sa aka yi musu maraba. Ungulayen ba su ce komai game da tarihi ba, amma sun yaba abincin wurin ƙwarai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka gina abin da muke sha, Ya haskaka kaburburansu. Kai kuma mai karatu, Allah Ya gafarta maka, Ya tsare maka rijiyarka, Ya sa in ta tsage a sami laka kafin a sami tawaga. Amin.