Mussar Malam Ladan

Lokacin da nake takaba, ɓeraye suka addabi ɗan geron da marigayi ya bar mini. Ban faɗa wa kowa ba. Maƙwabcinmu Malam Ladan ne ya ji motsinsu ta katanga, ya aiko mini da mussarsa cikin kwando, tana ɗakina har na fita takaba. Shi ya sa ranar da za a kai shi Aliero wurin masu ɗori, bayan babur ya kayar da shi a hanyar Jega ƙugunsa ya karye, na yafa mayafi na shiga gaishe shi. Duk Maiyama an san abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho, ba dai mai faɗi. Mota na ƙofar gida, shi kuwa ya ce ba ya tashi sai ya san hannun da zai bar wa mussar.

Ina durƙushe sai ga taubashinsa Tamu, wanda ke zaune shi kaɗai a bayan kasuwa, ya shigo yana dogara sanda.

"Salamu alaikum. Gawar ta tashi, ko da saura?"

"Tana jiran ka riga ta," in ji Malam Ladan. "Wa yab buɗe ma wanga mayunwaci ƙofa?"

"Ina kwana, bawana. An ce ka hau babur kamar saurayi, ƙasa tac ce zo nan."

"Ni dai na hau. Kai ko jaki ya gan ka sai ya kwanta."

"Mussar naz zo ɗauka."

"Kai? Akuyar da anka ba ka kiwo bara, tana ina?"

"Ajalinta yaz zo."

"Ya zo mata cikin tukunyarka, da albasa."

"Ai ba a cin mussa, tsoho."

"Mutane ba su ci. Kai nika tsoro."

"To wa za ka ba? Jikanka Jabir, mai ɗaura mata gwangwani ga wutsiya? Ko surukarka, da ke jifar ta da muciya?"

Surukar na bakin murhu, ta juya baya. Mussar ta sauko daga gadon, ta zagaya mu duka, ta je ta kwanta kan ƙafar Tamu.

"Ka gani? Ta san ubangidanta."

"Ƙarnin kifi taj ji. Rabonka da wanka tun ina da haƙora."

"Faɗi abin da za ka faɗi, direba na jira."

"Ba ta cin tuwo da yaji. Idonta na hagu ba shi gani, kada ka zo mata ta nan. Kada ka rufe ta ɗaki. In ta yi kuka da asuba, sallah taka tashe ka, ko da yake ban san ko kana yi ba."

"Ni nak koya maka alwala."

"In kuma ban dawo ba…"

"Rufe mini baki!" in ji Tamu. "Bawa ba shi tahiya sai ubangidansa ya sallame shi. Ni ban sallame ka ba."

Malam Ladan ya yi dariya har zafin ƙugun ya katse shi, ya runtse ido. Da ya sami numfashi ya ce, "Ka ci, ɓarawon akuya. Ɗauke ta. Ɗauki bargon nan ma, a kai taka kwana."

Ni dai ban taɓa ganin mussar a kan bargon nan ba. Tamu ya naɗe shi, ya rungumi kwando, ya fita bai waiwayo ba.

Daga Aliero gawar Malam Ladan aka dawo da ita, Allah ya jiƙansa. Har yau, kowace magariba, kwanona na zuwa bayan kasuwa wurin Tamu, saboda kafin a ɗaga shi zuwa mota ya yafuto ni, ya yi ƙasa da murya.

"Maryam, kullum tare muka ci da shi, yana zagina yana ci. In ba ni, da yunwa zai kwana, bai roƙi kowa ba. Ki riƙa aika mashi tuwo, ki cika kwanon. Kada ki sa yaji. Ki ce na mussa ne."