Na Je Raba Faɗa a Wasan Rok

A kasuwarmu ta Balad, in 'yan kasuwa suka kaure da faɗa, ni ake kira. Shi ya sa da ƙanwata Sa'adiyya ta ja ni kallon mawaƙan rok, na shiga da gadara cikin farar jallabiya.

Ana fara kiɗa sai na hango samari a gaban dandamali suna bangazar juna. Innalillahi! Na kutsa tsakiyarsu ina ihu, "Halas ya shabab! Ya isa haka, samari! Ku yi wa Annabi salati!"

Ashe rawarsu ke nan. Suka ɗaga ni sama suna miƙa ni hannu zuwa hannu, takalmi ɗaya ya tafi, ga fuskata a ƙaton allo, baki buɗe.

Har yau in yara suka yi rigima, Sa'adiyya takan ce, "Yaya, raba su mana. Mu za mu ɗaga ka."