Baban Kwamiti Zai Hau Dutse

A duk ma'aikatarmu babu mai hangen nesa kamar Daraktan Tsare-tsare. Shekara talatin da ɗaya yana aiki, bai taɓa barin wani abu ya faru ba tare da an kafa masa kwamiti ba. Ko famfon banɗaki ne ya fashe, sai an zauna, an naɗa sakatare, an rubuta rahoto, ruwa kuwa yana ta zuba cikin ladabi yana jiran sa hannu. Ma'aikata suna kiransa Baban Kwamiti a bayan idonsa, shi kuma da ya ji sai ya ɗauka lambar yabo ce. Wannan bawan Allah ni ne, saboda haka kada wani ya ce gulmarsa nake yi.

Saura wata huɗu in yi ritaya tsoro ya kama ni. Na duba ko'ina na rasa abu ɗaya da za a nuna a ce ni na yi shi, sai tulin fayil. Ranar nan a taron safe, kafin in ankara, na ji ni a tsaye ina gyara wuyan riga.

"Abokan aiki," na ce, "mutum irina ba ya sauka daga kujera sai ya hau abin da ya fi ta tsawo. Zan jagoranci tawaga zuwa ƙololuwar dutsen nan mai ƙanƙara, mita dubu biyar da ɗoriya. Tarihi yana can sama yana jiranmu."

Aka yi ta tafi. Da na koma gida na gaya wa matata, ko ɗagowa ba ta yi daga gugar da take yi ba.

"Baban yara, kai da ka kira mai gyara ya canza ƙwan fitila don kada ka hau kujera?"

Na bayyana mata cewa wannan rabon aiki ake kiransa, ba tsoro ba.

Muka kafa kwamiti na mutum bakwai, ni ne shugaba. Mun yi zama goma sha huɗu. Uku daga ciki a kan launin hular da za mu sa aka ƙare. Ɗaya kuma a kan wanda zai fara taka ƙololuwa, aka amince da shawarata cewa a bi matakin aiki, babba a gaba. Na rubuta jawabin da zan karanta a can, shafi goma sha ɗaya.

Sai a zama na shida wani ya tuna cewa babu wanda ya san hanya a cikinmu. Aka nemo jagora, wani siririn mutum da rana ta ƙone wa fuska, wanda ya hau dutsen ya fi sau sittin. Ba shi da yawan magana. Ya ce tafiyar kwana takwas ce, domin iska tana ƙaranci a sama, sai jiki ya saba a hankali. Ya ce kowa ya riƙa tafiya a ƙasa kullum da kaya a baya. Ya kuma ce kowa ya fara sa takalmin hawansa tun yanzu, ya yi ta yawo da shi har ya yi laushi.

"Malam jagora," na ce, "kwana takwas ai lalaci ne. Ni nan da kake gani na taɓa tsara wa ma'aikatar nan shekara goma cikin mako guda. Amma mun ji, za a sa a rahoto."

Takalmi dai na saya, mai nauyi kamar bulo. Sai dai takalmin da zai shiga hoton tarihi ba za a ja shi a titi ba. Na bar shi cikin kwalinsa a saman durowa, duk Asabar in sauko da shi, in goge, in mayar. Motsa jiki ma ban yi wasa da shi ba. Na kalli bidiyon hawan dutse ya fi ashirin ina kishingiɗe, kuma akwai ranar da na sa direba ya sauke ni a bakin get maimakon ƙofar ofis.

Damuwata ɗaya ce, mataimakina. Mutum ne mai tumbi da yawan dariya, kuma shi zai gaji kujerata. Kujera na haƙura, amma hoto ba zan raba da shi ba. Sai na zauna na tsara Sashe na Tara na dokokin tafiyar. Mako guda kafin tafiya kowa zai hau benen ofishinmu mai hawa goma sha biyu, sau uku, da jaka mai kilo goma. Wanda ya kasa ya fita daga tawaga. Mai ƙorafi ya rubuto wa shugaba, shugaba zai amsa bayan kwana ashirin da ɗaya na aiki.

Sakatariyata ta tsaya da buga takardar. "Yallaɓai, har da kai?"

"Har da kowa," na ce. "Doka ce."

Ashe mataimakin nawa wata uku ke nan da ajiye motarsa, a ƙasa yake zuwa aiki. Na lura da wani buɗu-buɗun takalmi a ƙafarsa, har na rubuta masa takardar jan kunne a kan shigar da ba ta dace da ofis ba.

Ranar gwaji na iso da cikakkiyar shiga, sabon takalmi yana ƙyalli yana ƙara. Ma'aikata sun taru a ƙasa kowa ya ɗaga waya. Na yi ɗan gajeren jawabi na minti ashirin, jagora ya hura usur.

Hawa na ɗaya da na biyu na yi su kamar saurayi. A na uku dunduniyata ta fara zafi. A na biyar na ji wani abu ya fashe cikin safa, sai na tsaya ina karanta kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara, don kada a ce tsayawa na yi. A na bakwai ƙafafuna suka yanke shawara ba tare da sun tuntuɓe ni ba, na zube a kan matakala ina haki. Mataimakina ya wuce ni sau biyar, hawa da sauka, kuma don tsabar tarbiyya bai taɓa wucewa bai gaishe ni ba.

"Sannu da hutawa, Yallaɓai."

Jagora ne ya zare mini takalmin. Ya dubi safar da ta jiƙe da jini, ya juya ƙasan takalmin ya ga ko ƙura babu. A lif aka sauko da ni, ƙafa ba komai, na rungume takalmin a ƙirji. A gida matata ta kawo ruwan ɗumi da gishiri ta ajiye a gabana, ta koma kan aikinta. Wallahi na so ta yi mini dariya, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Kuka ne ya taso mini, na haɗiye.

Washegari na rubuta ƙorafi shafi huɗu, ban taɓa rubuta abu mai daɗinsa ba. Na miƙa wa sakatariya. Ta buga masa hatimi, ta ba shi lamba, ta sa a fayil, ta zagayo ta ajiye a gabana.

"Yallaɓai, ga wani ƙorafi ya shigo."

"Na amince da shi," na ce.

"Sai bayan kwana ashirin da ɗaya, Yallaɓai. In kana so a gyara sashen, sai an kira kwamiti. Kiran kwamiti kuma sai da sanarwar mako biyu, kai ka sa."

Ranar Litinin suka tafi, mataimakina a gaba, ni kuma a bakin get da silifa ina ɗaga musu hannu. Da kwana ashirin da ɗaya suka cika, sun daɗe da dawowa, na buɗe fayil ɗin na karanta a tsanake, da jan biro a hannu. Tsakani da Allah mai ƙorafin ya iya rubutu, amma ba shi da hujja ko ɗaya. Na yi watsi da ƙorafin.