Kawu Rufus Ya Ɗaga Hannu

Jiya da safe na ci ado na tsaya a tashar bas ta bakin unguwarmu har inuwa ta guje ni. Bas ba ta zo ba. Wannan ba labari ba ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne jiyan ce ranar da manya suka kira taro a cikin birni, wai su ji ko akwai masu buƙatar bas ɗin tamu, ko a soke ta.

Jama'a, ku yaba hikima. A kira taron marasa mota a inda sai da mota ake zuwa! In ba wanda ya je, shi ke nan, an ji ra'ayin jama'a.

Ni kuwa a wani gidan wanki nake aiki a birni, kuma ban mallaki ko taya ba. A nan Amurka marar mota da maras ƙafa duk ɗaya ne. In an soke bas, an soke ni. Jirgin ƙasan da aka yi mana alkawari tun ina da suma, sau biyu magajin garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, yana yanka ƙyallen buɗe tasharsa. Tasha ta gani ta faɗa, har da furanni. Layin dogo ne kawai babu.

Ina nan tsaye sai ga maƙwabcina Delbert, tsohon mai gyaran famfo, a akwalar motarsa.

"Farfesa! Har yanzu kana jiran budurwar taka? Shigo, ta yi aure."

Farfesa yake ce mini don ya ga ina aron littattafai. Na shiga, na waiwaya in gaida dattijon da ke zaune a baya da hula da baƙin tabarau. Bai amsa ba.

"Kawu Rufus ke nan," in ji Delbert. "Ba shi da surutu."

Ashe mutum-mutumi ne, irin wanda ake rataya wa tufafi a kanti, hannunsa ɗaya a sama kamar mai tare tasi. Kun san babbar hanyarmu tana da layi na musamman wanda ba ya cunkushewa, amma sai motar da ta ɗauko mutum uku.

"Delbert, wannan ha'inci ne."

"To sauka. Ka bi layin masu gaskiya, ka isa gobe."

Ban sauka ba. Amma duk hanya ina saƙawa ina kwancewa. Doka ta ce mutum uku. Ni da nake zaune shiru ina cike gurbi, me na fi Kawu da shi a idon doka? Na tambayi Delbert, ya ce, "Nauyi. Kana ci mini mai."

Da muka isa ya ƙi barin Kawu a mota, wai rana za ta narkar masa da hanci. Muka rungumo shi muka zaunar da shi a kujerar baya ta zauren taron. Zauren wayam. Duk masu hawa bas suna can tasha suna jiran bas. Manya kuwa suna kan dandamali a jere, kowa da kwalbar ruwansa da wayarsa.

Sarkin Almakashi ya yi jawabi mai daɗi a kan yadda yake kwana da talaka a zuci. Sannan ya ce bisa ƙa'ida, in mutum uku suka ƙi, sai a ɗage maganar soke bas zuwa baɗi. "Akwai masu ja?"

Na ɗaga hannu. Delbert ya ɗaga. Kawu kuwa tun daga kanti nasa yake sama.

"Uku," in ji magatakarda, bai ko ɗago kai sosai ba.

Gaskiya ta taso mini har maƙogwaro. Delbert ya take mini ƙafa.

"Farfesa, ka yi tari kawai, na rantse a ƙasa za ka koma."

Na haɗiye ta. Bas ta tsira.

Tun jiya abin yake cina. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To ga tamu ta yi 'ya'ya, har unguwa guda za ta ci. Da na faɗa wa Iya Odessa, wadda bas ɗin ke kai ta asibiti duk mako, cewa ta yi, "Ɗan nan, ka cika neman magana. Ai hannuna ne Kawun ya ɗaga mini. Ina tasha ina jiran bas a lokacin." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Af, na manta. Da aka tashi, Mai Girma ya sauko gaisawa da jama'a don a ɗauki hoto. Ya kama hannun Kawu ya girgiza, ya ce irin waɗannan 'yan ƙasa ake so, masu saurare ba sa katse manya. Har na ji yana tambayar ko Kawu zai yarda ya shiga kwamitin sufuri.

Ni dai ba ni da ja. Ko ba komai, shi ya taɓa bin hanyar.