Kwalekwalen Rayyis Shahat da Masu Gadin Jarrabawa

"...ina gajiya, ina kwa... Au, ashe ke ce? Da na san 'yar kawu ce da ban ɓata gaisuwata ba."

Rayyis Shahat mai fito ke nan, yana riƙe da igiyar kwalekwalensa. Tururin safiya ya kwanta a kan kogin Nilu kamar an baza auduga, dabinon ƙetare sai kawunansu ake gani. Abla Nagat, malamar makaranta, ta shigo da akwatinta. An tura ta Aswan gadin jarrabawa, kamar yadda ake yi duk shekara: a kwashe malaman gari a kai su nesa, a kawo baƙi su tsare 'ya'yan gari. Gobe kuwa Shahat da kansa zai zauna jarrabawar gama sakandare, da furfura a gemu. Gadar da ake ginawa ta kusa haɗewa, ranar da ta haɗe kwalekwale ya mutu, tashar jirgin ƙasa kuma ba ta ɗaukar mutum aiki sai da takarda.

"Tuƙa, ɗan gwaggo, kada jirgi ya bar ni."

"Ya bar ki mana. Wace irin gwamnati ce wannan? Ta ɗauke mini 'yar kawu, ta kawo mini wanda bai san kabarin kakana ba. Malamin da ya shuka ai shi ya kamata ya girbe."

"Ni na shuka ka? Allah ya tsari gonata. Kuma ba a ba kura ajiyar nama."

Ya sa sanda ya ture gaɓa, suka shige cikin farin tururi. Ya lumshe ido.

"Jiya na yi mafarki. Ajin jarrabawa a kan ruwa yake, yana lilo a hankali. Ke ce mai gadi, kina yi mini fifita. Amsoshi na tsalle kamar kifi suna faɗowa kan takardata. Na ci maki ɗari da hamsin cikin ɗari, har aka aiko daga Alkahira a ga kaina. Sai ga ni a tasha, da hula da usur, jirage suna durƙusa mini."

"Wake ka ci ka kwanta. Da ni ce mai gadinka, tun daga ƙofa zan sa a tuɓe maka rawani. Na san inda kake ɓoye abu tun muna satar rake a gonar Kaka."

"Sharri! Ni da na haddace littafin tarihi har jakin maƙwabta ya iya rabi?"

"To a ba jakin lambarka, ya fi ka rubutu. Rubutunka kamar kaza ta taka tawada. Baƙo zai ɗauka wani ilimi ne, ni kuwa na san jahilci ne."

"Ido wa ka raina?"

"Wanda nake gani yau da gobe. Shi ya sa ake kawo baƙi, sarkin ruwa. In na tausaya maka a ce na sayar da amana, in na kama ka Gwaggo ta daina ba ni burodi har abada."

Ruwa na lasar gefen katako, wata balbela ta wuce ƙasa-ƙasa.

"Nagat, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba satar amsa nake so ba. Bara a jarrabawa, da wani baƙo ya tsaya a kaina da takalminsa mai ƙara, ya dubi gemuna ya dubi yaran, hannuna ya kama rawa. Sunana ma sai da na yi tunani. Fuskar da na sani kawai nake so a ɗakin, ko da mummuna ce irin taki."

"Mummunar ta gode." Muryarta ta sauka. "Baƙo raɓa ne, Shahat. Shi ma ɗan gwaggon wata ne."

Tururi ya yaye, gaɓa ta bayyana. Mutum uku na tsaye da jakunkuna, masu gadin da aka turo daga Alkahira. Na gabansu dogo ne mai gashin baki da baƙin tabarau, irin wanda in ya yi tari aji ke daskarewa.

Nagat ta sauka. Dogon ya sa ƙafa ɗaya a kwalekwale, kwalekwale ya ɗan karkata. Sai ya cafke hannun rigar Shahat da hannu biyu, yana jan Ayatul Kursiyyu da gudu.

"Rayyis, don Allah... da zurfi?"

Nagat ta ɗaga gira daga kan gaɓa. "To, ɗan gwaggo? In fasa tafiyar in zo in yi maka fifita?"

Shahat ya dubi hannuwan da ke rawa a kan rigarsa, dariya ta ƙwace masa tun daga ciki.

"Kin ci, 'yar kawu. Tafi Aswan ki tsorata 'ya'yan mutane, ki bar mini wannan." Ya zaunar da dogon kusa da shi a hankali. "Natsu, Ustaz, ja numfashi. Yau ni gobe kai, mu riƙe juna da amana."